Baƙanta Firam ɗin Tagogin Jif: Tambayoyi da Amsoshi

Masu motoci masu ja da taya huɗu, irin su Land Cruiser, Prado, Hilux, Patrol, Pajero da Defender, suna yawan tambaya a kan yadda ake mayar da firam ɗin tagogi baƙi. Aikin ba ya cin kuɗi sosai, amma yana saurin tona asirin wanda ya yi shi da gaggawa, domin a daidai idon mutum yake. Duk wanda ya zo buɗe ƙofa, nan zai fara kallo.

Wane ɓangare ake baƙantawa, kuma me ake nema da shi?

Ƙarfen da ya zagaye gilashin kowace ƙofa daga layin da gilashi yake nutsewa zuwa sama, da ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya, da wanda ke tsakanin ƙofar baya da gilashin but. A wasu motocin, kamar Prado da Lexus, matsalar ba fentin bodi ba ce, siririyar silba ce mai ƙyalli da ta bi gefen gilashi. Idan waɗannan suka koma baƙi, gilasan gefe sukan haɗe su zama kamar gilashi guda dogo, motar ta ƙara tsawo a ido. A farar mota aka fi ganin bambancin.

Ginshiƙin gilashin gaba da na can ƙarshen baya zaɓi ne. Idan aka baƙanta su, rufin yakan fito kamar a sama yake shi kaɗai. Wannan yana yi wa sababbin motoci kyau, amma a tsohuwar Land Cruiser 70 ko Patrol mai kusurwa mu dai mun fi son a bar su da kalar bodi.

Ɗaya yake da sa wa gilashi duhu? Akwai ruwan hukuma?

Ba ɗaya ba ne. Nan ba a taɓa gilashi ko kaɗan. A Najeriya dokar 1991 da ta hana gilashi mai duhu sai da izini, a kan gilashin take magana, kuma 'yan sanda ne ke ba da izinin. Baƙin firam bai rage wa kowa ganin cikin mota ba. Abin kiyayewa shi ne kada leda ko fenti ya hau kan gilashin, kuma kada a rufe lambar da aka zana a jikinsa ko takardar bayanin mota da ke manne a ginshiƙi ta ciki.

Hanyoyi nawa ne, wacce zan ɗauka?

Uku ne aka fi bi: ledar mannawa ta naɗe mota, fenti, da robar feshi irin Plasti Dip. Akwai ta huɗu ga mai silba, wato sayen baƙaƙen sassa na kamfani a musanya, idan an yi wa samfurin motarka irinsu.

Abu biyu ne za su yanke maka hukunci: da me aka yi firam ɗin, da kuma inda motar take shiga. Idan fentin kamfani ne lafiyayye kuma motar gari ce, ko kana tunanin sayar da ita nan gaba, leda ta fi, don ana ɓare ta fentin ya dawo yadda yake. Idan motar daji ce da take kutsawa cikin ƙaya da rassan bishiya, ko firam ɗin ya riga ya fara tsatsa, fenti mai hadana, wato ruwan da ake haɗa masa don ya yi tauri, shi ne magani. Ƙaya ɗaya tana iya tsaga leda daga sama har ƙasa, daga nan ƙura ta samu ƙofar shiga. Robar feshi kuwa ta gwaji ce, ga wanda yake so ya ga ko baƙin zai yi masa kafin ya kashe kuɗi.

Wace leda zan saya, kuma nawa za ta ishe ni?

Kada ka sayi sitikar masu rubuta allon shago. Ita murza ta aka yi tsakanin ƙarafa har ta yi faɗi, saboda haka tana son komawa yadda take. Da ta sha rana sai ta tsuke, ta bar farin layi a gefe da danƙo mai kama ƙura. Ledar naɗe mota ta gaske zuba ta aka yi tana ruwa, ba ta da wannan ja da baya. Sanannu su ne 3M 2080, Avery Dennison SW900 da Oracal 970RA. Suna da ƙananan hanyoyin iska a bayan gam, shi ya sa kumfa take fita da ɗan matsawa. Jabu sun yi yawa a kasuwa, don haka ka juya takardar baya ka duba tambarin kamfani, kuma ka gwada guntu: ka ja shi kaɗan, ka hura masa zafi, mai kyau zai koma siffarsa sumul.

Faɗin nadin yakan kai santimita 152. Ga jif mai ƙofa huɗu, mita 2 za ta yi firam da ginshiƙai har a samu rarar gyara kuskure. Idan silba ce kawai, nadi siriri mai faɗin santimita 5 da tsawon mita 15 ya wadatar.

Sauran kayan aiki: na'urar hura zafi, katin matsawa na roba mai yadi a baki, wuƙa mai sabuwar reza da ake karyawa, tef mai zare a ciki wanda ke yanka leda ba tare da wuƙa ba, sifirit na isopropyl mai ƙarfin kashi 70, tsummoki masu tsabta marasa zubar da gashi, da sandunan roba na ɓanɓare sassa. Na'urar busar da gashi tana iya tausasa leda, amma ba ta kai zafin da ake bukata a matakin ƙarshe.

Mai sheƙi, marar sheƙi, ko tsaka-tsaki?

Tsaka-tsaki, wanda ake rubuta wa satin. Shi ya fi kama da robobin gilashi da bayan madubi, sai aikin ya fito kamar daga kamfani. Mai sheƙi sosai yana nuna kowane ƙwarzane da kowace ƙwayar ƙura da ta maƙale a ƙarƙashi. Marar sheƙi kwata-kwata yana riƙe maiƙon hannu, ba a kuma iya goge shi da folish, duk inda aka murza sai ya yi tabo mai ƙyalli.

Dole ne sai na cire robobin gilashi?

Nan ne aiki mai kyau yake rabuwa da na jeka-na-yi-ka. Bakin leda ko na fenti idan ya tsaya a fili, iska da ruwa da hannun mai wanki za su same shi. Idan ya shige ƙarƙashin roba, babu abin da zai kai gare shi. Saboda haka a cire duk abin da yake ciruwa.

Ka sauke gilashi har ƙasa. Robar da gilashi yake bi a cikin firam, jan ta ake yi da hannu daga kusurwar sama, ba gam a jikinta. Ba sai ka zare ta duka daga cikin ƙofa ba, ka fito da ta sama da gefe ka bar ta a rataye. Dogon bel na waje da ke share gilashi a ƙasan taga yana zaune ne da maƙalai. Ka fara duba ƙarshensa ta cikin ƙofa, wasu motocin suna da ɗan sukuru a wurin. Ka sa sandar roba ka ɗaga shi kaɗan-kaɗan daga baya zuwa gaba. Kada ka ɗaga gefe ɗaya da ƙarfi, akwai siririn ƙarfe a cikinsa, idan ya lanƙwashe ba ya miƙewa kamar da. Sukurdireba kuma ba ta da wuri a nan, tana fasa fenti ta buɗe wa tsatsa hanya. Madubin gefe galibi noti uku ne masu lamba 10 a bayan murfi mai kusurwa uku ta ciki, sai soket ɗin waya. Idan akwai bututun shan iska na sama da aka ɗaure a ginshiƙin gaba, ko robobin kare ruwan sama da aka manna a saman tagogi, su ma a sauke su.

A tsohuwar mota ka sa ran wasu maƙalan za su karye, rana ta riga ta gasa su. Ka tanadi sababbi kafin ka fara.

Gilashin baya da ba ya sauka iri biyu ne. Wanda yake zaune cikin roba mai kauri, kamar a tsofaffin Land Cruiser da Patrol, ba sai an cire shi ba: ka tura igiya mai kaurin milimita 3 zuwa 4 ƙarƙashin leɓen robar ka zagaye da ita, za ta ɗaga leɓen ya ba ka wurin cusa leda ko shigar da fenti, in an gama ka zare ta. Wanda aka manna da gam a sababbin motoci kuwa, a bar shi inda yake, a yi layi a gefensa.

Yaya ake shirya wurin?

Wanka da sabulu da ruwa tukuna, har cikin ramin da roba ta fito, da tsohon buroshin haƙori. Abin da za ka tarar a wurin zai ba ka mamaki: jar ƙasa ta shekaru da ta daskare ta zama laka. Idan ka bar ta, na'urar zafi za ta huro ta kan gam. Ka busar da wurin sarai, da iskar kwampiresa in akwai, musamman kusurwoyi inda ruwa yake fakewa.

Sai sifirit, da tsumma biyu: ɗaya jiƙaƙƙe ya narkar da maiƙo, ɗaya busasshe ya kwashe shi kafin ya bushe. Ka maimaita har farin tsumma ya fito fari. Babban abokin gaba shi ne man silikon da ke cikin folish na taya da na dashbod, wanda masu wankin mota suke shafa wa robobi don su yi baƙi. Ba a ganinsa, amma leda ba ta kama shi, fenti kuma gudunsa yake yi. Kada a goge da fetur ko kananzir a matsayin shafar ƙarshe, suna barin maiƙo.

Idan ka ga fenti ya kumbura a gindin firam, tsatsa ce a ƙasa. Leda ba ta kashe tsatsa, ɓoye ta take yi tana ci gaba da ci. A kankare har farin ƙarfe ya fito, a sa faraima mai ifoksi, wato shafar ƙasa da ke sa fenti ya kama, a yi fenti. Kuma duk fentin da aka yi sabo, a ba shi aƙalla kwana 30 kafin a manna masa leda, don tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi, tana ci gaba da fita daga jikinsa, za ta tayar da kumfa.

Yaya ake manna ledar?

Ka fara da ginshiƙin tsakiya, shi ne miƙaƙƙe, a nan hannunka zai saba. Ka yanko leda da rarar santimita 2 zuwa 3 a kowane gefe. Inda baƙi zai haɗu da kalar bodi a fili, ka fara shimfiɗa tef mai zare a kan layin. Ka nemi layin da motar ta zo da shi, wato karyewar ƙarfe ko daidai saman bel, kada ka ƙirƙiri naka. Ka ja baya mita uku ka duba ko layin ƙofar gaba ya yi daidai da na ƙofar baya, ƙofofin suna rufe.

Ka ɓare takardar baya, ka ɗora ledar a hankali ba tare da dannawa ba. Mai kyau tana yarda a ɗaga ta a sake ɗorawa muddin ba a matse ta ba. Ka matsa da kati daga tsakiya zuwa gefe, kowane ja yana hawa rabin na baya. In ta yi tattara, kada ka bi ta kai da kati, za ta zama layi na dindindin. Ka ɗaga, ka ɗan hura zafi har ta saki, ka bari ta huce daƙiƙa kaɗan, ka sake kwantar da ita.

Da fuskar ta kwanta, ka rage rarar ta koma milimita 5 zuwa 8, ka ɗumama, ka naɗe ta bayan bakin ƙarfe da babban yatsa, ta ɗaya gefen kuma ka cusa cikin ramin roba. Sannan ka ja zaren tef ya yanke layin fili. Idan dole sai ka sa wuƙa, nauyin rezar kawai ya isa. Wanda ya danna ya yanki fenti har ƙarfe, bayan damina ɗaya zai ga jan layin tsatsa daidai inda wuƙar ta bi.

Saura matakin da aka fi tsallakewa. Duk inda leda ta miƙe ko ta naɗe, a bi shi da zafi har ya kai digiri 90 zuwa 100, a sake dannawa. Wannan zafin ne yake sa ta manta da siffarta ta da, ta karɓi sabuwa. Ma'aunin zafi na nesa mai harba jan haske yana da amfani a nan, don hannu ba ya iya faɗa maka. Kada ka tsayar da na'urar hura zafin wuri ɗaya, kuma ka kawar da ita daga gilashi da roba.

A farar mota, ka rufe ƙofofi ka leƙa tsagin da ke tsakaninsu. Za ka hango farin ginshiƙin bodi a ciki yana raba baƙin gida biyu. Siririyar leda a wannan wurin tana rufe shi.

Firam ɗin yana da lanƙwasa. Guda ɗaya zan yanka ko gunduwa-gunduwa?

Guda ɗaya ya fi kyau, amma yana cin leda: kana rufe duk saman ƙofar da babban yanki, ka yanke tsakiya ka zubar. Ba a tilasta wa miƙaƙƙen siriri ya bi kwana mai tsanani, gefen ciki zai tattare, na waje ya yi siriri har kalarsa ta kwashe. Idan za ka yi gunduwa, ka haɗa su a kusurwa, ɗaya ya hau ɗaya da milimita 3 zuwa 5. Na ƙasa ake fara mannawa na sama ya hau kansa saboda ruwa, na baya kuma kafin na gaba saboda iskar tafiya ta bi ta kan haɗin, kada ta shiga ƙarƙashinsa.

Ledar ta fara ɗagowa bayan mako biyu. Me ya jawo?

Ka duba inda ta ɗago, shi zai gaya maka. Idan a kusurwa ne ko cikin lungu, an ja ta da yawa kuma ba a yi zafin ƙarshe ba. Idan a gefen roba ne kuma bayanta ya yi datti, silikon ne ko ƙura. Idan ta tsuke ta ko'ina ta bar layin danƙo, ledar ce ba ta mota ba. Idan ƙananan kumfa ne a jere kusa da baki, ruwa ne ya rage a ramin. Bakin da ya riga ya sha ƙura ba ya sake kamawa, kuma sufagulu ba gyara ba ne, ɓata fentin ƙasa yake yi. A ɓare wannan yankin a sake. Ga lungun da ya ƙi zama, ana shafa ruwan ƙara kamun gam irin 3M Primer 94 siriri a baki kawai, amma a sani yana wahalar da cirewa daga baya.

In fenti na zaɓa fa?

Shirin farko duk ɗaya ne. Bayan wanka da goge maiƙo, a dusashe fentin da ke wurin da sanfefa mai lamba 600 zuwa 800 ko soson gurza mai ruwan toka, har babu sauran wuri mai ƙyalli ko da girman farce. Ba kankare fentin ake so ba, haƙora ake yi masa don sabon ya kama. Inda ƙarfe ya bayyana a sa faraima. Alminiyam, kamar fatar ƙofar tsofaffin Defender, yana bukatar faraima mai cin ƙarfe ko mai ifoksi, in ba haka ba fentin zai ɓare kamar ɓawon albasa. Sassan roba mai tauri kuma suna da nasu ruwan ƙara kamu da ake fesawa kafin fenti. Tsofaffin Land Rover Series suna da sauƙi ta wannan fannin, saman ƙofarsu noti biyu ne ke riƙe da shi, ana sauke shi a fesa a kan tebur.

A rufe mota gaba ɗaya, ba gefen taga kawai ba. Ƙurar baƙin fenti tana tafiya nesa, za ka same ta a kan bonet. Layin gefe a yi shi da siririn tef na roba na masu fenti, sannan tef na takarda a bayansa. Jarida tana zubar da tawada kuma tina tana ratsa ta, takardar rufi ko leda ta fi. A toshe ramin gilashi don feshi kada ya shiga cikin mota.

Fenti mai hadana, wanda ake kira 2K, shi ne mai jure rana da fetur da ƙwarzane. Yawanci kashi 2 na fenti ne da kashi 1 na hadana, amma abin da ke jikin gwangwani shi ne doka. Da bindigar feshi mai bakin milimita 1.3, kusan rubu'in lita zuwa rabi ya isa mota guda. Akwai kuma 2K na gwangwanin feshi mai maɓalli a gindi, da an fasa shi sai a yi amfani da shi cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Gwangwani 2 zuwa 3 masu mililita 400 za su yi. A riƙe tazarar santimita 15 zuwa 20, shafar farko ta zama sirara har ana hango kalar ƙasa, a jira minti 10 zuwa 15, sannan shafa biyu cikakku. A fara fesa bakuna da lunguna kafin fuska. A cire tef ɗin layi bayan shafar ƙarshe ta ɗan kama amma ba ta bushe ba, ana jan sa baya a kwance. In ya bushe sarai, tef zai taso da bakin fenti.

Hadanar 2K tana da sinadarin isocyanate mai illa ga huhu, yana iya jawo asma da ba ta warkewa. Takunkumin yadi ko hankici ba ya tare shi. A sa takunkumin masu fenti mai bututun da ke kawo tsabtatacciyar iska daga waje, wanda ya zauna daram a fuska, da safar hannu da tabarau, a wuri mai iska, nesa da yara da wuta.

Kada a mayar da robobi sai fentin ya kwana aƙalla ɗaya, biyu ya fi, don roba tana shatawa a jikin fenti mai taushi.

Fenti yana kama silba?

Da ƙyar. Fuskarta ta yi santsi da tauri, ba ta ba fenti wurin riƙewa. Mai dagewa sai ya gurje ta da sanfefa 240 zuwa 320 har ƙyallin ya mutu gaba ɗaya, ya sa faraima mai ifoksi, duk da haka tsakuwa tana iya fara ɓare ta daga baki. Fentin gari da ake gasawa a tanda yana bukatar zafin digiri 180 zuwa 200, kuma yawancin waɗannan sassan a haɗe suke da roba, za ta narke. Ga silba, leda ce amsa.

Fentina ya yi ƙananan ramuka, wani wurin kuma ya yi kaushi. Me ya faru?

Ramuka masu kama da idon kifi silikon ne ko mai, daga jikin motar ko daga kwampiresa marar matatar ruwa. Kaushi kamar yashi yana nufin fentin ya bushe a iska kafin ya sauka: an yi nesa da yawa, ko ƙarfen ya yi zafi, ko tinar mai saurin bushewa ce. Zuba kuwa, an matso kusa ko hannu ya tsaya. Idan fentin ƙasa ya yamutse, tinar sabon ce ta ci wani tsohon fenti marar hadana da aka taɓa yi wa motar. Shi ya sa ake gwadawa a ɓoyayyen wuri da tsumma mai tina tun farko: in kala ta biyo tsumma, sai an rufe da faraima mai raba tsakani. Duk waɗannan gyaransu ɗaya ne, a bari ya bushe, a goge da sanfefa mai lamba 800, a sake shafa. Satin ba ya karɓar folish.

Robar feshi fa?

Ba a gurza komai, wanka da sifirit kawai. Shafa 5 zuwa 6, minti 20 zuwa 30 tsakani. Mai ƙarancin shafa ba ya ɓaruwa a dunƙule, sai dai a yi ta tsinta. Tef kuma a cire shi nan take shafar ƙarshe tana jiƙe. Fetur yana narkar da ita, gwiwar hannun direba tana cinye ta a bakin taga, ƙura kuma tana maƙale mata.

Motata ta zo da baƙin firam amma ya koɗe ya tsattsage. Fenti ne?

A Toyota da yawa ba fenti ba ne, baƙin tef ne na kamfani, kuma suna sayar da shi yankakke da lambar kaya ga kowace ƙofa. Kada a manna sabo a kan tsohon, tsagin zai fito ta sama. A ɗumama a ɓare. Wanda ya gasu yana karyewa, a bi shi da faifan roba na goge sitika a jikin injin huda, a hankali, ba tare da tsayawa wuri ɗaya ba don kada fenti ya ƙone. Ragowar gam a narkar da shi da maganin cire gam, a bi da sifirit.

Wane lokaci ya fi dacewa da aikin?

Leda da fenti duka sun fi son zafi tsakanin digiri 18 zuwa 28, a inuwa, ƙarfe a sanyaye. A Kano ko Sakkwato ko Agadas cikin watan Afrilu, ƙofar da ta sha rana hannu ma ba ya iya zama a kanta. Leda za ta yi laushi ta kama tun kafin ka daidaita ta, ta miƙe inda ba ka so. A yi aikin da sassafe, motar ta kwana a rumfa. Lokacin hunturu matsalar ƙura ce, kuma busasshiyar iska tana sa leda ta riƙa jawo ta da an ɓare takarda. A shiga gareji a rufe, a yayyafa ruwa a ƙasa. Da damina kuwa laima tana sa fenti ya yi hazo-hazo, a jira rana ta ɗaga, kuma a tabbata ramin roba ya bushe.

Baƙin zai ƙara zafi a cikin mota?

Ba yadda za ka ji. Faɗin wurin kaɗan ne, zafin mota ta gilashi da rufi yake shiga. Firam ɗin kansa dai zai fi zafi a taɓawa. Wannan zafin ne kuma yake rage wa leda kwana, shi ya sa kamfanonin da kansu suke rage shekarun garanti ga ƙasashe masu rana irin ta Sahel. Motar da take wuni a inuwa ledarta za ta daɗe fiye da wadda take wuni a fili.

Yaya zan kula da shi wajen wanki?

Leda a ba ta kwana 2 zuwa 3 kafin ruwa ya taɓa ta, fenti mako guda. Bayan haka sabulun mota da soso mai laushi. A fara zuba ruwa ya kwashe ƙura, don goge busasshiyar ƙura da tsumma daidai yake da gurzawa. Injin wanki mai ƙarfi a riƙe shi nesa da aƙalla santimita 30, kada a nufi bakin leda da shi. Ka gaya wa mai wankinka a fili kada ya shafa wa wurin folish, baƙin mai, gas ko man birki don ya yi ƙyalli. Man birki yana cin fenti. Kashin tsuntsu da danƙon bishiya a wanke su a ranar.

Idan na gaji da shi, zai ciru ba tare da ɓarna ba?

Leda mai kyau a kan fentin kamfani tana fita lafiya. A ɗumama ta zuwa digiri 50 ko 60, a ɗaga kusurwa da farce, a ja a hankali a kwance. Haɗarin yana ga motar da aka taɓa yi wa fenti a waje ba tare da shiri mai kyau ba, leda tana iya tahowa da shi. Kada kuma a jira sai ta fara tsagewa: da ka ga ta koma ruwan toka ko ƙasa-ƙasa a saman firam, inda rana ta fi duka, lokacin canji ya yi, tun tana fita a dunƙule. A mota mai kala za ka iya tarar da fentin ƙarƙashi ya fi na sauran jiki kauri a ido, don bai sha rana ba, folish yakan rage bambancin. Fenti kuwa ba ya ciruwa, sai dai a gurza a sake fesa kalar bodi, kuma haɗa kalar da ta dace da tsohuwar ƙofa aikin ƙwararren mai fenti ne.